Abin da Ruwa Bai Wanke Ba

Shekara talatin da ɗaya ina wankan gawa a Rafindaɗi.
Na wanke mai taro, na wanke mai sisi,
na wanke jinjirin da bai kai ranar suna ba,
na wanke limamin da ya koya mini wankan.
Ban taɓa fita da magana daga bayan asabari ba.

Ran Talata bayan azahar aka kawo Mannir,
ɗan Barira mai ƙosai, telan nan na Ƙofar Guga
da ya rage mini wuyan wannan rigar
ya ƙi karɓar ko kwabo.
Da ƙafarsa ya shiga motarsu ran Alhamis,
kan wata waya da ya saya a hannu.
A tabarma ya dawo.

Takarda ta riga shi shigowa, da shuɗin hatimi.
Ta ce zazzaɓi.

To.
Na jiƙa magarya, na yi bismilla,
na fara da dama kamar yadda aka koya mana.
Ashe zazzaɓin nan yana da igiya:
ya zagaye wuyan hannu sau biyu, ya ci har fari.
Zazzaɓin nan yana sa takalmi,
ga sawunsa a haƙarƙari, kana iya faɗin lambarsa.
Ya san tafin ƙafa. Yana shan sigari.
Yatsan da ke zura zare a kafar allura
ya juya yana duban inda yatsa ba ya duba.
Na zo alwala, na buɗe baki,
haƙora biyu ba su biyo shi gida ba.

Ɗayyabu mai zuba mini ruwa, buta na rawa a hannunsa.
Na ce, zuba, yaro, mamaci ba ya cizo.
Ni ma gwiwata ta yi sanyi, ban dai faɗa ba.

Abin da ya fi ci mini rai ba a jikinsa yake ba.
Kwana biyar Barira na kai kwano caji ofis,
tuwon dawa, miyar kuka, rannan har da kazar bashi.
A karɓa ta kanta, a ce an ba shi,
a miƙo kwano fes.
Ni kuwa gawa ba ta yi mini ƙarya:
wannan ya kwana biyu da gama cin rabonsa.
Wa ya ci tuwon Lahadi?
Wa ya suɗe na Litinin, har ya ce a ƙara yaji?

A zaure ina jin dattawa:
kwana ne ya ƙare, a bar wa Allah,
a yi sauri kada magariba ta riske mu a Ɗantakum.
Na san karatun. Mai wanka rufa-asiri ne,
abin da ya gani, da shi za a binne shi.
Amma aibin mamaci aka ce a rufe.
Wannan ba aibinsa ba ne.
Na wani ne, ya ajiye a jikin yaron mutane.

Ko da ɓarawo ne, alƙali ke da shi, ba kulki ba.
Wanda ka kulle ka riƙe makulli,
numfashinsa ajiya ce a wuyanka.

Na dakatar da likkafani.
Na kira kawunsa Maikuɗi, na ce, duba, kada ka kau da kai.
Muka ƙidaya tare, yana kuka, ina nunawa.
Na juya takardar zazzaɓi,
na rubuta a bayanta da ajami, don shi na iya:
sha bakwai, ban da haƙora.

Mun kai shi. Ƙasa ta karɓa, ba ta tambaya.

Gobe zan je inda ban taɓa zuwa ba,
in tsaya gaban masu baƙar riga in faɗi sunana.
Uwargida ta ce, tsoho, kana da jikoki.
Na ce, saboda su ne.

Na wanke hannu sau uku, kafur bai fita ba.
Wuyan rigar nan kuma, da ya zauna daidai,
tun la'asar yake shaƙe ni.